Bel ɗin Gates Carbon Drive a kan keke mai sirdi biyu: inda ya yi kyau da inda yake ba da wahala

Keke mai sirdi biyu, wanda ake kira tandam, yana da hanyoyin jan ƙarfi guda biyu. Akwai ta gefen hagu, wadda ke haɗa fedar mahayin gaba da fedar mahayin baya domin ƙafafunsu su riƙa juyawa tare. Akwai kuma ta gefen dama, wadda ke ɗauko ƙarfin mutum biyun ta kai shi ga tayar baya. Da can kaca ce a duka wuraren. Yanzu masu ƙera irin wannan keke a Amurka da Turai suna sa bel mai haƙora a gefen hagu, wasu ma har da na dama, kuma bel ɗin da ya mamaye kasuwar shi ne Carbon Drive na kamfanin Gates da ke Denver a jihar Kolorado.

Gates ba baƙo ba ne a sana'ar bel. An kafa shi a 1911, kuma daga gidan ne bel mai siffar V, irin wanda muke gani a injin niƙa da fambel na mota, ya fito a 1917. Na keke kuwa sai a 2007 ya shigo kasuwa. Jikinsa na roba ce mai tauri, cikinsa zaruruwan kabon ne shimfiɗe a tsawonsa, fuskar haƙoran kuma an lulluɓe ta da yadin nailan. Samfurin farko yana da faranti mai gefe guda da ke tare bel kada ya zame, kuma ya sha suka domin da saiti ya kauce kaɗan sai bel ya yi ta gangarawa gefe har ya faɗo. Daga 2010 aka fito da CenterTrack, mai tsagi a tsakiyar haƙoran bel da kuma siririn tudu a tsakiyar faranti wanda ke shiga cikin tsagin. Wannan samfurin, na jerin CDX, shi ne abin dubawa a nan.

A gefen hagu kaya ne mai kyau, kuma ya cancanci kuɗinsa ga wanda kekensa ya dace da shi. Ba ya son mai, saboda haka ba ya ɓata ƙafar wando ko ƙaurin wanda ke zaune a baya, wanda dama shi ne ya fi shan baƙin kaca. Ba ya tsatsa. Nauyinsa bai kai rabin na kacar da ya maye gurbinta ba, kacar da kan kai ƙwaya 150 da 'yan kai. Ba ya miƙewa, don haka wasan nan da ake ji tsakanin fedar gaba da ta baya idan kaca ta tsufa babu shi. Amma kaya ne da ba ya yafe kuskure. Kaca takan yi haƙuri da faranti karkatacce da ɗauri sako-sako, ta ci gaba da aiki tana kuka. Bel kuwa ko dai a saita shi daidai ko ya nuna hali.

Maganar awo ce ta fara zuwa, domin a nan mutane da yawa ke asarar kuɗi tun kafin su hau. Kaca ana cire mata ƙwaya ana ƙara mata. Bel zobe ne guda, ba a yanka shi, ba a haɗa shi. Wanda aka saba sawa a gefen hagun tandam yana da haƙora 250, tazarar kowane haƙori milimita 8, tsawonsa mita 2 cif. Tunda farantan biyu girmansu ɗaya, lissafin mai sauƙi ne: a cire yawan haƙoran faranti daga 250, a ninka da 8, a raba biyu. Abin da ya fito shi ne tazarar da dole ta kasance tsakanin tsakiyar aksul ɗin fedar gaba da tsakiyar na baya. Faranti mai haƙora 69 yana ba da milimita 724, wato inci 28 da rabi, kuma shi ne awon da Co-Motion na garin Eugene a jihar Oregon ke ƙera kekunansa a kai. Mai haƙora 74 yana ba da 704. Mai 66 yana ba da 736. Kowane haƙori guda na faranti yana matsar da tazarar da milimita 4.

Abin da ke cike ɗan giɓin da ya rage shi ne gangar ɗauri, wadda makanikai ke ce wa isentirik. Wata dunƙulalliyar alminiyam ce da ke zaune a cikin bututun ƙasan na gaba, ramin aksul ɗinta ba a tsakiya yake ba, ya kauce gefe. Idan aka juya ta, aksul ya matsa gaba ko baya. Duk tafiyar tata ba ta wuce santimita ɗaya da 'yan milimita ba, kuma ba dukkanta ce za a kashe wajen cike awo ba, sai an bar wani abu na sassautawa lokacin sa bel da kuma na ƙara ɗauri nan gaba. Kafin a yi odar komai, a juya gangar zuwa ƙarshenta na baya a auna, a juya ta zuwa ƙarshenta na gaba a sake aunawa. Idan lambar da lissafi ya bayar ba ta faɗo a tsakanin awon biyu ba, da ɗan sarari ta kowane ɓangare, to wannan faranti ba na wannan keke ba ne. Akwai tsofaffin kekuna da babu wani haɗi da zai shige su, kuma babu dabarar da za ta canza hakan. Sai a duba ramukan noti ma: yawansu da faɗin da'irarsu su dace da hannun fedar da ke kan keken, a kuma tabbatar faranti mai faɗin kusan santimita 18 ba zai gogi ƙarfen da ke tafiya zuwa tayar baya ba.

Wani alheri na gefen hagu shi ne ba ya bukatar a tsaga jikin keke. Bel ɗin yana waje da firam gaba ɗaya, ana zura shi ta kan feda. Na dama ne ke ratsa kusurwar baya, shi ya sa sai keken da aka ƙera da mahaɗa mai buɗewa a wurin.

Yanzu ga babban ƙorafi, wato tsallake. Ana cikin hawan tudu, ko ana tashi daga tsaye a babbar giya, sai a ji ƙara kamar an karya busasshen kara, feda ta faɗa gaba kaɗan babu nauyi. Abin da ya faru shi ne haƙoran bel sun hau kan haƙoran faranti sun dira a rami na gaba. A gefen hagu gane shi ba wuya. Faranti mai haƙora 69, kowane haƙori digiri 5 ne da ɗigo 2. A tsaya a dubi hannuwan feda biyu: in a da suna layi ɗaya yanzu kuma na gaba ya riga na baya da ɗan kaɗan, bel ya tsallake, har ana iya ƙirga haƙora nawa. In kuwa suna nan daram yadda suke, bel ɗin hagu ba shi da laifi, a nemi matsalar a dama ko a cikin hob, wato cibiyar tayar baya, domin ƙananan harsunan firiwil ma sukan suɓuce su yi irin wannan ƙarar.

Mutane da yawa suna cewa bel ɗin ne ya miƙe. Ba haka ba ne, zaren kabon ba ya miƙewa yadda za a gani. Abin da ke faruwa tazarar da ke tsakanin farantan biyu ce ke raguwa, ko ta ɗan lokaci ko ta dindindin.

Ta ɗan lokaci daga lanƙwasar firam take. A ɗauka na gaba ya ɗora kilo 80 a kan feda, hannun fedar milimita 175, rabin faɗin farantin kuma milimita 88. Jan da zai hau layin bel na sama ya kai kimanin kilo 160, kuma duk wannan jan a gefe guda na keken yake, ba a tsakiya ba. Doguwar bututun ƙasa da ke haɗa mazaunin feda biyu sai ta ɗan tanƙwaru kamar baka idan an ja tsirkiya. Layin sama ya yi tsauri, layin ƙasa ya saki, kuma ta layin da ya saki ne haƙora ke fara hawa bisa maimakon su zauna a raminsu. Keke mai siririyar bututu ya fi fama da wannan. Ma'aurata masu nauyi da ke son miƙewa tsaye a kan feda su ma haka. Shi ya sa bel guda zai yi shekaru lafiya a kan wani keken, a kan wani kuma ya yi ta tsallake duk da an ɗaure shi daidai da yadda takarda ta ce.

Ta dindindin kuwa yawanci gangar ɗauri ce ta zame. Wadda ake matsewa da kusoshi biyu masu tsini ta fi yin haka, domin tsinin yana huda rami a jikin alminiyam, kuma duk lokacin da aka so matsar da ita kaɗan sai kusar ta koma tsohon raminta. Mai noti da ke matse bakin bututu ta fi ta, mai buɗewa daga ciki irin ta kamfanin Bushnell ita ma tana riƙewa da kyau in an shafa mata giris a inda ya kamata an kuma ɗaure ta da ƙarfin da aka rubuta. Dabara mai amfani ita ce a ja layi da alƙalami marar gogewa daga fuskar gangar zuwa jikin bututun. Ran da bel ya saki, kallo ɗaya zai nuna ko ganga ce ta juya.

Zafi da sanyi ma suna da hannu, ko da yake ba a cika lura ba. Alminiyam yana ƙaruwa da kimanin kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri, zaren kabon kuwa kusan ba ya motsi. A tsawon milimita 724, saukar digiri 20 tana rage kusan sulusin milimita. A kaca wannan ba komai ba ne. A bel da ba ya miƙewa ana jin bambancin a yatsa. Wanda ya saita kekensa da tsakar rana ya fita da asuba cikin sanyi zai tarar bel ya ɗan saki. Firam na ƙarfe rabin haka yake yi.

Ga yadda ake auna ɗauri. Gates yana da manhajar waya kyauta da ke sauraren sautin bel. A kai keken wuri shiru, a kashe fanka da rediyo, a riƙe bakin wayar kusa da tsakiyar layin bel, a kaɗa shi da yatsa kamar tsirkiyar molo. Manhajar za ta nuna lamba a ma'aunin sauti na Hz. A juya feda kwata, a sake kaɗawa, har sau huɗu, sannan a ɗauki matsakaici. Jadawalin Gates ya ba tandam 60 zuwa 65 Hz, wato wajen fam 45 zuwa 48 a ɗan ma'auninsu na hannu mai suna Krikit, wanda ake dannawa a kan bel har ya yi ƙas. Sai dai a yi hattara da lambar. Duk mai kaɗa molo ya san doguwar tsirkiya ta fi gajeriya kaurin murya ko da ɗaurinsu ɗaya. Layin hagu ya haura milimita 700, na dama bai cika wuce 450 ba, ga shi kuma nauyin bel ɗin biyu ba ɗaya ba. In ɗauri ɗaya ne, dogon zai ba da sauti ƙasa da na gajeren sosai. Wanda ya nace sai ya ga lamba ɗaya a duka gefen biyu zai iya ɗaure na hagu fiye da kima. A tambayi wanda ya ƙera keken lambar da ya tsayar wa gefen hagu, a yi aiki da ita, a rubuta ta a ajiye.

Awo huɗun nan suna faɗin wani abu bayan matsakaici. Idan lambobin sun yi nesa da juna, wuri guda tamau wani wurin sako-sako, to faranti bai zauna a tsakiyar aksul ba. Kusan kowane faranti yana da ɗan wasa a ramukan notinsa. A sassauta notocin har su zama yatsa kawai ke riƙe da su, a juya feda a hankali zuwa inda bel ya fi tsauri, a matse layin sama da na ƙasa da hannu a hankali domin farantin ya ɗan matsa, a juya a sake gwadawa. Idan bambancin ya ragu, a ɗaure notocin ɗaya bayan ɗaya ana tsallake na kusa, kamar yadda ake ɗaure tayar mota. A yi wa faranti ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan. Aikin minti ashirin ne mai cin rai, amma shi ke raba bel mai shiru da mai damuwa, domin a wurin da ya fi saki ne ake tsallake, a wurin da ya fi tsauri kuma boris ke cin wuya.

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne maganin tsallake da ƙara ɗauri, a ƙara, a ƙara. Tsallaken zai tsaya, amma garin neman gira za a rasa ido. Ɗaurin bel yana kan boris ɗin aksul dare da rana, ko ana tuƙi ko keke na jingine. Alamar an wuce gona da iri ita ce a juya feda baya da hannu a sake ta, sai ta tsaya nan take kamar an riƙe ta, ko a ji gurnani a tafin ƙafa. Boris na gefen hagu, gaba da baya, su ne ke fara mutuwa. Hanya mai kyau ita ce a fara daga lambar da aka bayar, in an yi tsallake a duba ganga da zaman faranti da layi tukuna, sannan a ƙara ɗauri kaɗan-kaɗan, a tsaya da zarar tsallaken ya daina. Ko a daidai ɗauri ma bel ya ɗan fi sabuwar kaca mai mai nauyin juyawa idan ana gwadawa da hannu. A kan hanya ba a jin wannan.

Layi kuwa, a nan CenterTrack ke da wani hali mai ruɗi. Tsohon samfuri in layi ya kauce yakan faɗo, mai keke ya gane nan da nan. Sabon ba ya faɗowa, tudun tsakiya na riƙe da shi, sai ya yi ta cin gefen tsagin a ɓoye. Alamarsa baƙin gari kamar toka a jikin faranti, da ƙara siririya mai zuwa da tafiya, da gefe guda na tudun yana ƙyalli ɗayan bai yi ba. A ɗora doguwar rula ta ƙarfe a fuskar farantin baya a miƙa ta zuwa na gaba. Ta taɓa duka biyun a gaba da baya ba tare da giɓin da ya wuce milimita guda ba. Gyaran sau da yawa a gangar ɗauri yake, domin tana zamewa hagu da dama a cikin bututunta, kuma duk lokacin da aka sassauta ta don ƙara ɗauri tana iya kaucewa ba a sani ba. In ba ta isa ba sai a sa siraran washa.

Wajen sa bel ne ake kashe shi tun yana sabo. Zaren kabon yana da ƙarfin ja amma ba ya jure karyawa. Kada a naɗe shi ya yi kusurwa, kada a murɗe shi, kada a lanƙwasa shi ta baya, kada a juya cikinsa waje, kada a ɗaure shi da igiya a dunƙule. Kada a ɗana shi a bakin faranti a juya feda don ya hau da ƙarfi kamar yadda ake yi wa kaca, kada kuma a sa sukundireba a ɓanɓaro shi. Illar ba ta fitowa a ranar. Zaren ya riga ya karye a ciki, sai wata rana a kan tudu bel ya tsinke tsaf kamar an sa wuƙa. Yadda ya dace shi ne a sassauta ganga, a juya ta har aksul ya zo ƙarshen baya, a daidaita hannuwan feda yadda mahaya ke so, a ɗora bel a hankali tsagi a kan tudu. In sararin bai isa bel ya haye tudun ba, a kwance faranti guda daga hannun feda, a zaunar da bel a kansa, a mayar da shi a ɗaure. Wajen juya ganga don ɗauri, ana iya bi ta sama ko ta ƙasa. A zaɓi ɗaya a riƙe, domin tana ɗaga fedar na gaba ko ta sauke ta da 'yan milimita, kuma sai an gyara tsayin sirdi ya bi.

Bel da ya yi tsallake sau ɗaya ko biyu a duba shi da kyau a ci gaba. Wanda ya yi ta yi ƙarƙashin nauyi, a ɗauke shi a matsayin wanda ake tuhuma, domin kowane tsallake fizga ce mai tsanani ga zaren.

Gefen dama labari ne dabam, kuma a nan yabon ya ragu. Bel ɗin wurin mai tazarar milimita 11 ne, kuma ba ya aiki da giya mai sauya faranti, sai giyar cikin hob irin Rohloff Speedhub ta Jamus mai giya 14. A sake lissafin ɗazu: na gaba kilo 80, na baya kilo 60, faranti mai haƙora 50 wanda girmansa kusan ɗaya da mai 69 na hagu. Jan ya kai wajen kilo 280. A hagu haƙora 34 ne ke rungume da faranti a kowane lokaci suna raba kilo 160. A dama, a kan ƙaramin faranti mai haƙora 20, tara ne ko goma ke ɗauke da kusan ninki biyu na wannan. Ba abin mamaki ba ne a ce yawancin tsallake mai tsanani a nan yake faruwa. Rohloff ya san haka, shi ya sa yake son a sa sinoba, wata 'yar ƙaramar taya da ke tsaye a ƙarƙashin ƙaramin farantin, tazarar kimanin milimita guda daga bayan bel. Ba ta taɓa shi a tafiya ta yau da kullum. In haƙora suka fara hawa ne take tare su. Wanda ya matsa ta har tana gogar bel ya mai da ita abin da ba ita ba. Kamfanin ya kuma sa wa tandam ƙa'idar kada rabon babban faranti da ƙarami ya gaza 2.5, misali 50 da 20 ko 55 da 22, don kada ƙarfin mutum biyu ya yi wa cikin hob yawa. Idan an sayi keke da aka ƙera tun farko domin bel, mai kaurin ƙarafan baya, haɗin yana aiki sosai, kuma masu doguwar tafiya suna son sa. A ɗauki tsohon tandam a tsaga shi a sa masa bel a dama kuwa, wannan caca ce.

Batun tsufa. Gates na cewa bel ɗinsa na yin ninki biyu zuwa uku na rayuwar kaca, kuma a gefen hagu, inda farantai manya ne nauyi kuma na mutum ɗaya, wannan ba cika baki ba ne. Launin fuskar haƙora yakan koɗe da wuri, wannan ba komai. Abin dubawa shi ne tsagewa a gindin haƙori, haƙori da ya ɓalle ko ya zaizaye ta gefe guda, da zaren da ya leƙo. A tanƙwara bel a hankali yadda yake zama a kan faranti a haska tocila a gindin haƙoran, tsagewar takan fito kamar siririn gashi. Sau da yawa ma faranti ne ke riga bel tsufa, musamman na alminiyam. Haƙorinsa da yake da zagayayyen kai sai ya siranta ya yi kaifi, har ya iya yankar yatsa. Idan ɗauri yana raguwa a hankali cikin watanni alhali layin da aka ja a kan ganga bai motsa ba, farantai ne ke cinyewa. Sabon bel a kan cinyayyen faranti ba ya daɗewa.

Akwai hanyar tsawaita ransu. Farantin gaba shi ke ja, na baya ana jan sa, saboda haka fuskokin haƙora dabam-dabam suke ci. Tunda girmansu ɗaya, a musanya su kafin cin ya yi nisa, kowanne ya samu sabuwar fuska. Haka nan cin ya fi yawa a inda ƙafa ke danna feda da ƙarfi, don haka juya faranti da ramin noti ɗaya ko biyu yana raba shi.

Babban maƙiyinsa ƙura da yashi ne. Ruwa ba ya damun sa, laka ma farantin na da ramukan fitar da ita. Amma busasshiyar ƙura, irin ta hunturu, tana sa shi kuka ƙii-ƙii a kowane zagaye, yashi kuma yana aiki kamar sanfefa tsakanin nailan da alminiyam. Wanka da ruwa da tsohon buroshin haƙori ya isa, da ɗan sabulu in ya yi dauɗa sosai. In kukan ya dawo bayan ya bushe, feshin silikon marar maiƙo a fuskar haƙora yana kashe shi na wani lokaci. Baƙin mai da giris da man kaca kada su kusance shi, ƙura kawai za su tara. Tsakuwa in ta shiga tsakanin bel da faranti tana iya huda shi, don haka in an ji wani ƙwas a hanyar burji a tsaya a duba.

Ga wanda ke zaune inda kayan Gates ba sa kusa, akwai abin tunani. Kaca in ta tsinke, kowane mai gyaran keke a bakin hanya zai haɗa ta da guduma da ƙusa, ko a sayi biyu a haɗa su su kai tsawon. Bel mai haƙora 250 ko a Turai ba kowane shago ke ajiye shi ba, kuma kuɗin bel da farantansa biyu ya ninka na kaca sau da yawa. Mai tafiya mai nisa dole ya ɗauki na ajiya. A bar shi a naɗin da ya zo da shi daga kamfani, zobba masu faɗi a kwance cikin kwalinsa, a sa shi a jikin bangon jaka inda kaya masu nauyi ba za su danne shi ba, tare da alanki da sifanar da ke juya gangar ɗaurin wannan keken.